Ire-iren Maziyartan Dajin Lekki

A Legas, garin da ake cike ruwa da yashi don a samu wurin kafa gida, akwai wani daji mai faɗin hekta 78 da aka kewaye aka ce kada kowa ya taɓa. Sunansa Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, yana bakin babban titin da ya nufi Epe. Gidauniyar kare muhalli ta NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, ita ta buɗe wurin a 1990 da tallafin kamfanin mai na Chevron. Manufar ita ce ɗan birni ya shigo ya ga yadda ƙasar Lekki take kafin bulo da siminti su cinye ta: fadama, kurmi, birai, kadoji da tsuntsaye. Jagorori na nan suna bayani, makarantu na kawo ɗalibai mota-mota. Sai dai kowa da abin da ya kawo shi, kuma ba kasafai abin ke zama darasi ba.

Mai neman zaki. Wannan ya tashi yana zuwa Gidan Zoo na Kano duk Sallah, don haka tun daga ƙofa tambayarsa ɗaya ce: “Malam, ta ina ake bi wajen zakin?” Jagora ya gaya masa nan ba keji, dabbobin gidansu ne, wanda rabo ya sa ka gani ka gani. Sai ya dubi tikitin hannunsa, ya dubi jagora. “To giwa fa? Ko jimina babu?” Idan aka nuna masa kada kwance cikin ruwa, cewa zai yi kututture ne, a ba shi dutse ya gwada. A ganinsa duk dabbar da ba ta fito ta gaishe shi ba ta ci masa kuɗi. In bayani ya yi yawa sai ya yi tutiya da cewa su a Kano har goggon biri mai haɗiye miliyoyi sun yi a 2019, ya manta gwamnan lokacin ya fito ya ce ko goggon birin ma babu shi a gidan.

Jarumin ƙasa. Abin da ya fi jan jama'a a wurin shi ne gadar sama da aka buɗe a 2015. Tsawonta mita 401, ƙololuwarta ta haura mita 22 daga ƙasa, ana kuma cewa babu irinta mai tsawonta a Afirka. Siririya ce, raga a gefe da gefe, tana lilo da kowane taku. An yi ta ne don mutum ya ga kurmi ta sama, inda birai da tsuntsaye suke ainihin rayuwarsu.

A ƙasa jarumin namu ba ya barin kowa ya yi magana. “Hajiya, in tsoro kike ji zauna ki riƙe mana jaka.” Yana ba da labarin yadda yake hawa giginya yana yaro. Taku ashirin na farko yana fito. A na hamsin fito ya koma salati. A tsakiya kuwa babu addu'ar da bai janyo ba, har ta shiga kasuwa, ya yafe wa duk masu riƙe masa bashi, yana roƙon wani ɗan firamare da ke bayansa: “Yaro, don Allah don Annabi daina tsalle.” Hajiya ta daɗe da hayewa, tana jiransa tana cin gyaɗa. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya gyara hula ya ce, “Ai ba wani abu ba ne, takalmin ne ke santsi.” Tambaye shi me ya gani a can sama. Bayan rigar mutumin da ke gabansa.

Mai hoto. Ita daji bango ne na ɗaukar hoto. Ta zo da kaya kala biyu da ƙawa mai riƙe waya. An rubuta ƙarara kada a ba birai abinci, amma hoto da biri ya fi samun masoya a TikTok, sai ta miƙa biskit ɗaya. Biran mona, masu farin ƙirjin nan, sun fi ta sanin harkar: ɗaya ya karɓi biskit ɗin, ɗan'uwansa ya zagayo ta baya ya ɗauke ledar gaba ɗaya. Jagora ya yi ta bayanin cewa birin da ya saba da hannun mutum yakan bar 'ya'yan itace ya koma ƙwace. Ita tambayarta guda: “An ɗauka? Ihun nawa ya fito?”

Dillalin fili. Tunda ya ji “hekta 78” bai ƙara jin komai ba. Leɓensa na motsi, kai ka ce tasbihi yake, nan kuwa lissafi ne: fuloti sun haura dubu, a Lekki, bakin titi. Ya ja jagora gefe. “Ɗan'uwa, tsakani da Allah, wa ke riƙe da takardun wurin nan?” Hankalinsa ya kasa ɗaukar cewa an bar wa birai ƙasar da attajirai ke rububi.

Shi ne kuwa ya fi kowa buƙatar darasin. Lekki shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce tsakanin Tekun Atlantika da tafkin Legas, kusan daidai take da ruwan da ke kewaye da ita. Fadama ita ke shanye ruwan sama ta sake shi a hankali. In aka cike ta da yashi aka dasa bene, ruwan bai fasa zuwa ba, masauki kawai zai canza. Mazauna yankin sun gani a Yulin 2017, lokacin da ambaliya ta shiga falo ta nutsar da motoci masu tsada a Lekki da Victoria Island. Dillali ya saurari duk wannan yana gyaɗa kai, sannan ya ce, “Gaskiya ne. To ko rabi ma a yanka, rabin ai ya ishi ruwan.”

Masu kallon tukunya da turmi. Su biyu ne, tare suke tafiya. Na farko duk abin da ya motsa sai ya auna shi da ido: kifin tafki farfesu, ɗawisu kuma “zai yi kaza uku.” Ta biyu kowane ganye sai ta tsaya: “Ɗan nan, wannan maganin me yake yi?” In aka ce ba a tsinka, ta ce ai ɗan kaɗan ne, na basir ɗin maigida. A bakin ƙofar fita jakarta ta fi yadda ta shigo kumbura.

Malamin ƙirga kai. Ya zo da ɗalibai mota guda, shugabar makaranta ta ja masa kunne cewa yadda ya tafi da su haka zai dawo da su. Don haka bai ga biri ba, bai ga kunkuru ba, kawuna yake ƙirgawa. Kowane minti biyar: “Ku yi layi! Ku rubuta!” Yara sun rubuta sunan itace da Latin, ba su ɗaga kai sun ga itacen ba.

Wanda ya fi jagora sani. Ya ƙoshi da tashoshin namun daji a talabijin. Jagora ya buɗe baki, shi ya ƙarasa. Yana zuba bayanin ɗumamar yanayi, da narkewar ƙanƙara, da laifin manyan ƙasashe, har jama'a su fara tafi. Yana gamawa ya tsotse ledar fiya wata ya cilla cikin fadama.

Mai tsuntsu. Shi kaɗai ke tafiya a hankali, da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a hannu, irin waɗanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta dajin Amurum a Jos ke yayewa. Ya yi rabin awa tsaye yana jiran wani ɗan tsuntsu ya juyo. Daidai lokacin da zai juyo sai mai neman zaki ya dafa shi: “Yallaɓai, ara min in duba ko zakin yana can ciki.”

Baba daga ƙauye. Ɗansa mai sana'a a Agege ya kawo shi don ya burge shi. Baba ya ga an biya kuɗi a ƙofa, ya shiga ya duba gabas da yamma. “Yanzu kuɗin nan na mene ne?” Aka ce na ganin daji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe shekara saba'in yana zaune cikin dukiya bai sani ba. Amma shi ya fara hango kadan, shi ya nuna sawun da jagora bai lura da shi ba. Kan hanyar fita ya faɗa wa ɗansa cewa kurmin bayan garinsu ya fi wannan duhu a da, masu gawayi suka gama da shi, kuma da an kewaye shi an sa mai tikiti, da yanzu yana nan.

Ɗan da ya ji. A kowace motar ɗalibai akan samu ɗaya, galibi wanda bai rubuta komai ba. Shi ke komawa gida ya zame wa kowa alaƙaƙai. Ya hana Umma zuba shara a kwata. Ya sanar da maƙwabta cewa gwamnatin Legas ta haramta robar cin abinci ta soso tun Janairun 2024. Ya dasa ƙwallon mangwaro a gwangwanin madara ya sa wa ƙannensa dokar ta-ɓaci a kansa. Mahaifinsa ya ce, “Wato kuɗin mota na biya don a koya maka yi mana wa'azi?” Duk da haka yanzu sai ya leƙa hagu da dama kafin ya yar da leda, ya kuma rantse in makaranta ta sake aiko takardar yawon buɗe ido, zai karanta ta har ƙarshe kafin ya sa hannu.