Yadda Tsohuwar Oba-oba Ta Halarci Ɗaurin Aure

Rediyon oba-oba na masu sha'awa, wato wanda mutum yake mallaka domin ya zanta da takwarorinsa na nesa ba don ciniki ko aikin hukuma ba, ba a riƙe shi sai da lasisi, kuma kowane mai lasisi yana da lambar kira wadda farkonta yake nuna ƙasarsa, ta yadda ta Nijeriya take farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana kuwa da 9G. A cikin na'urorin da aka ƙera domin su yi aiki a ɗaki su kuma yi a mota, kaɗan ne suka kai FT-101 suna, wadda kamfanin Yaesu na ƙasar Japan ya fara fitarwa a 1970, ya biyo bayanta da samfurin FT-101E a 1975, shekarar da aka soma haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Akwatin ƙarfe ce mai nauyin kilo 15 ko kusa da haka, tana cin wutar gida tana cin batirin mota, kuma ko da yake galibin cikinta taransista ne, ƙarfin da take aika magana da shi yana fitowa daga bawul uku, wato kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, ɗaya 12BY7A, biyu kuma 6JS6C, waɗanda asalinsu domin talabijin aka yi su, kuma tuni aka daina ƙera su.

Wahalar riƙon wannan na'ura sananniya ce ga masu ita. Wutar da ke kan bawul ɗin tana kai bolt 600, kuma kwandansa, wato 'yan gwangwanin da suke tara wuta, suna iya riƙe ta bayan an kashe, saboda haka mai gaggawar zura hannu ciki yakan karɓi darasi nan take. Kafin a yi magana sai an saita ta da maɓallai biyu masu suna PLATE da LOADING ana kallon allura, ba a kuma wuce daƙiƙa goma ana wannan saiti don kada bawul ya gasu. A mota tana zuƙar kimanin amfiya 20 lokacin aikawa, abin da yake tilasta a bar inji yana aiki, in ba haka ba a nemi masu turi. Duk waɗannan an yi ta gargaɗi a kansu. Haɗarin da ba a cika ambata ba ya haɗa abubuwa uku ne, waɗanda kowannensu shi kaɗai ba ya cutar da kowa.

Na farko shi ne VOX, tsarin da yake sa na'urar ta fara aikawa da kanta da zarar makirfo ya ji murya, ba tare da an danna komai ba. Na biyu shi ne AM, hanyar ɗora murya irin ta gidajen rediyo, wadda mai FT-101 yakan koma kanta idan yana son sauraron tashoshin mita 41, domin suna maƙwabtaka da zangon 'yan oba-oba na megahaz 7. Na uku kuwa ba na mai na'urar ba ne: doguwar wayar makirfon lasifikar haya ce, wadda idan ba ta da kariya takan zama eriya, ta kwaso siginar da ke kusa ta kai wa amfilifaya, taransistan farko ya tace muryar, sauran su ƙara mata ƙarfi. Idan na'urar tana kan SSB, hanyar da 'yan oba-oba suka fi amfani da ita, abin da zai fito daga lasifika bai wuce irin kukan agwagwa ba, wanda ba ya tona asirin kowa. Idan tana kan AM kuwa, murya takan fito tas, har a gane mai ita.

Misalin da za a yi nazarinsa ya faru ne a wata unguwa a Zariya, ga wani malamin makaranta mai FT-101E a cikin tsohuwar Peugeot 504, wanda marubuci ya san shi sanin da ba zai so a tsananta bincike a kai ba. Ranar ɗaurin auren ƙanwar matarsa ce, bayan azahar, a ƙofar gidan surukinsa. Ya iso da wuri, ya cire takalmi ya durƙusa ya gai da tsohon, ya sa yara suka shiga da buhun shinkafar gudummawarsa a gaban jama'a, sannan da aka shafa fatiha aka raba goro, sai ya ja wani abokinsa zuwa mota, wadda ya faka a jikin rumfa, doguwar eriyarta tana kusan taɓa wayar da mai lasifika ya rataya a reshen darbejiya. Nufinsa ya burge abokin. Ya ta da inji, ya ɗage gilasai saboda ƙura, ya jiyar da shi wata tasha a kan AM, ya dawo da allura zangonsa ya yi saiti, ya nuna masa yadda VOX yake, sannan ya ajiye makirfo a kan cinyarsa, hira ta koma wani wajen.

A daidai wannan lokaci surukin, dattijo mai farin rawani wanda aka san shi da son jawabi, ya miƙe domin ya gode wa baƙi. Ya karɓi makirfo daga hannun sanƙira, ya hura shi sau biyu, ya gyara murya, ya buɗe baki, kuma kafin harafi ɗaya ya fito daga bakin nasa sai lasifika huɗu suka ce, da murya ƙarara: "Ka ga tsohon nan? In ya kama abin magana, to sai dai mu yi la'asar a nan."

Ya kamata a tsaya a kan wannan daƙiƙa, domin mai na'urar kansa bai daina komawa kanta ba, musamman da dare. Bakin dattijon yana buɗe, makirfo yana hannunsa, saboda haka waɗanda suke layin baya suka ɗauka shi ne ya faɗa, har wasu suka yi dariyar ladabi suna yaba sauƙin kansa. Waɗanda suke gaba kuwa sun ga leɓensa bai motsa ba. Shi dattijon ya sauke makirfon ya dube shi, ya juya shi ya dubi gindinsa, ya kalli sanƙira, sanƙira ya kalli yaron lasifika, yaron ya ɗaga hannuwansa biyu sama don a shaida bai taɓa komai ba. A cikin mota babu wanda ya ji wannan, domin inji yana ruri, fankar na'ura tana juyawa, gilasai suna rufe. Alama ɗaya ce tak, wato ƙas-ƙas ɗin da maɓallin ciki yake yi duk lokacin da ta fara aikawa, tare da allura da take tsalle, kuma mai na'urar ya ga allurar, har ya nuna wa abokinsa ita da yatsa a matsayin shaidar lafiyar bawul.

Da a nan abin ya tsaya, da ana iya ɗora shi a kan kowane tsoho, tunda rumfar cike take da su. Amma abokin ya yi tambaya a kan shinkafa, lasifika kuma suka amsa wa unguwa: "Wane irin saye? Bashi na ci, mutumina. Har yanzu ban biya ko kwabo ba. Kuma ka ga ko kallon buhun bai yi ba." Mai shagon da ya ba da bashin yana zaune a layi na uku, an kuma ce ya gyaɗa kai. Daga cikin gida, inda mata suke kan tukwane, guɗa ta yanke a tsakiya, domin akwai mace ɗaya a wurin da ta shafe shekaru tana jin wannan murya a kan kuɗin cefane.

Abokin ne ya fara lura cewa duk hulunan da ke rumfa sun juyo wajen mota. Ya sauke gilashi kaɗan, mai na'urar ya ce "Lafiya?", sai ya ji "Lafiya?" ta dawo masa daga reshen darbejiya. Masana suna cewa abin da ya dace a nan shi ne mutum ya yi shiru, domin VOX yakan saki da kansa idan murya ta ɗauke. Shi kuwa sai ya yi salati, lasifika suka yi salati, sannan ya daka wa abokinsa tsawa, yana nufin injin mota: "Kashe shi! Kashe shi mana!" Samari biyu daga dangin ango suka yi tsalle suka kare dattijon da jikinsu, wani ya kifar da faifan goro, yaron lasifika kuwa ya kashe janareta, abin da ya kawo shirun da ya ba kowa damar jin ƙarar ƙofar 504 tana buɗewa.

Tsakanin mota da tabarmar manya bai fi taku ashirin ba, kuma ya yi su ne babu takalmi, ya durƙusa tun daga nesa ya ce, "Baba, a gafarce ni, na'ura ce." Dattijon ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Na'urar ce ta ci bashin?" Bai jira amsa ba ya sa aka ta da janareta, ya sanar cewa tunda akwai masu sauri zai taƙaita, ya kuma yi jawabin da ladan ne ya katse shi.

A nan ne wani dattijo mai facin keke a bakin layin ya shigo cikin al'amarin, kuma dole a yi masa adalci a ce shi kaɗai ne a taron ya ɗauki matsalar da muhimmancin ilmi. Ya zagaya motar, ya leƙa ta taga, ya shinshina akwatin, sannan ya yanke hukunci cewa rediyo idan ya tsufa yakan riƙe magana a cikinsa, ya sake ta lokacin da ya ga dama, saboda haka mai yiwuwa wannan zance na wanda ya fara mallakar ta ne. Da aka tuna masa cewa mai ita na farko da wuya ya san buhun shinkafar yau, sai ya ce to wata tashar Kamaru ce ta ratso, domin shi ma nasa rediyon yakan kamo su da damina. Wani matashi ya tambaye shi yadda aka yi mutanen Kamaru suka san bashin, ya ce, "Yaro, labari yana tafiya."

Maganin gaskiya ba shi da wuya: a matsar da mota nesa da wayar, a mayar da maɓalli kan PTT, inda sai an danna makirfo take aikawa, mai lasifika kuma ya sa waya mai kariya ko ya ɗaura ƙaramar kwandansa a mashigar amfilifaya. Mai facin bai amince da ko ɗaya ba. Ya ba da shawarar a cire batirin mota a shanya a rana, a naɗe kan eriya da takardar azurfa ta kwalin taba, a kuma riƙa buga akwatin da tafin hannu a gefen hagu, ba dama ba, domin dama yana ƙara murya. Ya ce idan za a yi maganar manya a gabanta a rufe ta da bargo. Mai na'urar, wanda a lokacin ba shi da bakin musu da kowa, yana tsaye yana cewa "To, Baba", mai facin kuwa yana ƙara samun ƙarfi, har ya kira yara biyu su riƙe masa eriya ya gwada lanƙwasa ta wajen gabas.

Da ya ga an buɗe mota za a tafi, sai ya dafa ƙofa ya sassauta murya, ya ce akwai wata dabara da jikansa ya yi wa wayarsa da ta faɗa rijiya. "Malam, ka tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana uku. Ga buhu can a cikin gida, ka je ka karɓo, ai kowa ya ji ba nasu ba ne tukuna."