Rabe-raben Mutanen da Iskar Bazara Kan Tsare a Ɗaki

A ƙasar Birnin Gwari, kamar sauran yammacin Jihar Kaduna, watannin Afrilu da Mayu su ne ƙarshen bazara, wato lokacin tsananin zafin da ke share wa damina hanya, kuma a cikinsu ne danshin da ke tasowa daga tekun Atlantika yake karo da busasshiyar iskar arewa, hadari ya haɗu a gabas, ya turo iska mai sanyi da jan ƙura a gabansa tun kafin ɗigon farko ya sauka. Iskar ba ta cika daɗewa ba, amma ɗan lokacin ya isa ya cusa mutanen da ba su shirya zama tare ba cikin zaure ɗaya, inda akan gane cewa tsoron kowa daidai yake da abin da ya bari a waje, ko abin da ya hana kafinta.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne maigidan da ya yi tsumulmula ranar rufi, ya sayi kwano mafi sirantaka, ya rage kusa, ya kuma ce ƙarfen da ake ɗaure katakon rufi da bango da shi almubazzaranci ne. Abin da bai sani ba a ranar shi ne, iska mai ƙarfi ɗaga rufi take yi sama idan ta bi ta kansa da gudu, musamman in ta samu ƙofa a buɗe ta shiga ta tura daga ciki, kuma tsofaffin tayoyi da duwatsun da ya jera a kai lallashi ne kawai. Akan gane shi da zama kai a ɗage, yana bin kowace ƙara da ido, yana faɗin, "Wallahi kafintan nan ya cuce ni." Uwargida, wadda a gabanta aka yi cinikin kusar, takan ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da jera kwanoni a wuraren da ta san za su yi yoyo.

Kusa da shi akwai mai tuban wucin gadi, wanda salatinsa ke hawa da sauka tare da iskar, ya yafe wa kowa, ya yi alkawarin sadakar buhun masara, sannan buhun ya koma tiya da zarar an ji saukar ruwa, tiyar kuma ta koma kyakkyawar niyya.

Babu dai haɗin da ya kai na mai bin bashi da wanda ake bi armashi, idan iska ta rutsa na farko a zauren na biyu. Al'ada ta hana a kori baƙo cikin hadari, kunya kuma ta hana a tayar da zancen kuɗi alhali kowa na ambaton Allah, don haka sai su zauna a tabarma ɗaya suna yi wa juna "sannu, Alhaji" cikin ladabi mai nauyi. Wanda ake bi shi ne kaɗai a unguwar da ke fatan iskar ta ƙara ƙarfi kaɗan, domin faɗuwar katanga uzuri ne da ke iya kai mutum har kaka, wato lokacin girbi, shi kuwa mai bin bashi yana yi wa rumbun gidan addu'a da zuciya ɗaya fiye da mai shi.

Dattijon zaure yana da bayani mai tushe, kuma ba ya jiran a tambaye shi. Yakan tuna wa jama'a cewa dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, da kurmin da ke kewaye da garuruwa irin su Kuyello da Randagi, cike suke a da da doka da maje da kaɗanya masu karya ƙarfin iska, har masu sare itace da masu gawayi suka buɗe mata fili. Zancensa gaskiya ne, sai dai buhunan da yake jingine da su yana wannan jawabi na gawayi ne, kuma nasa ne.

Saurayi mai waya yana tsaye a bakin taga yana neman sabis domin ya karanta wa mutane hasashen hukumar NiMet mai kula da yanayi, hasashen da ke sanar da su zuwan iskar da ta riga ta tafi da dangarsu. Akwai kuma mai barci, wanda galibi ɗan haya ne ko baƙo, kuma natsuwarsa ba tawakkali ba ce kamar yadda ake zato, illa dai rufin ba nasa ba ne.

Nau'i na ƙarshe ba ya bayyana sai iska ta lafa. Shi ne wanda tun yana ɗaki yake shirya lissafin asarar da zai gabatar idan jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha suka zo ƙidaya, lissafin da ya haɗa da katangar da ta faɗi tun bara da akuyar da aka yanka ranar suna. Da gari ya waye shi ne na farko a titi, yana jajanta wa maƙwabta da babbar murya, a hammatarsa kuma akwai fallen kwanon da ya tsinta a bayan gidansa, wanda ya rantse yana kama da nasa.