Wasiƙa zuwa Tambuwal a kan Injin Aske Ciyawa

Milwoki, Amurka

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya wajaba a kan ƙane, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta Inna, Allah ya ƙara mata nisan kwana, amma ba'adu, saƙonka ya iso, na kuma ga inda kake tambaya ko wane ilmi na ƙaru da shi a ƙasar nan, tun da yake abin da nake aikowa bai nuna alamar na ƙaru da dukiya ba.

To, ka sani na zama masani a fannin ciyawa. Mutanen nan, Yaya, da gangan suke shuka ta a ƙofar gida, su shayar da ita, su saya mata taki, sa'an nan idan ta yi kore shar, ta kai munzalin da yaro zai sa mata lauje ya kai kasuwar Tambuwal masu raguna su yi rububinta, sai su fito da inji su aske ta su zubar, alhali ko akuya ɗaya babu a unguwar. Wanda kuwa ya bar tasa ta yi tsawo, hukumar gari na iya cin sa tara. Asalin bidi'ar daga Ingila yake, inda wani Edwin Budding ya ƙago injin a 1830, Allah kaɗai ya san abin da ciyawa ta yi masa.

Dattijon da nake haya a gidansa ya rage mini kuɗi bisa sharaɗin in ɗauki wannan aski, ya damƙa mini wani tsohon inji da ya girme ni, ƙirar kamfanin Briggs & Stratton wanda aka kafa a garin nan a 1908. Ba shi da makulli, ba shi da batir. Liba ɗaya tak gare shi a jikin mariƙi, da kebul da ya gangara zuwa kafireto, kuma da ita ake cok, da ita ake ba da wuta, da ita ake rage gudu, da ita ake kashewa, tsarin da kamfanin ya raɗa wa suna Choke-A-Matic.

Babin cok shi ne mafi faɗi. Inji ba ya cin fetur sai an gauraya masa shi da iska, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. To amma idan ya kwana cikin sanyi, wanda a nan hunturun Sakkwato ko almajirinsa bai kai ba, fetur ba ya tashi ya zama tururi yadda ya kamata, sai ya lafe a jikin ƙarfe, abin da ke isa ciki ya kasa kama wuta. Saboda haka idan ka tura liba har ƙarshe, wani ɗan faifai a bakin kafireto yakan juya ya toshe hanyar iska, ta yadda da ka fizgi igiya injin zai zuƙa, ya rasa iska, ala tilas ya zuƙo mai da yawa. Da zarar ya yi tari ya kama, wajibi ne ka janyo libar baya kaɗan faifan ya buɗe, in kuwa ka yi jinkiri, zai turnuƙe ka da baƙin hayaƙi, fulogi ya jiƙe ya yi baƙi, ya mutu, ka yi ta jan igiya har kafaɗarka ta nemi saki. Ja wa inji mai zafi cok kuwa makaruhi ne bisa ittifaƙin bakanikai.

Kashewa ta fi ba ni mamaki, domin na ga ba a hana shi mai, ba a kuma hana shi iska, wutarsa ake sacewa. Akwai maganaɗisu a jikin faifan ƙarfe mai nauyi da igiya ke juyawa, wanda duk sa'ad da ya gifta gaban koyil yakan haifar da wutar da ke tartsatsi a bakin fulogi, muddin kuwa yana juyawa ba zai fasa ba. Idan ka janyo liba zuwa ɗaya ƙarshen, sai ta haɗa wata siririyar waya ta koyil da gangar jikin injin, wutar ta samu gajeriyar hanya ta zurare, fulogi ya zauna babu rabo. Daga nan mas'aloli biyu suka fito: in wayar ta tsinke, injin zai tashi amma ba zai mutu ba, in kuwa rigarta ta goge tana taɓa ƙarfe, ba zai tashi ba ko da za ka kwana kana ja. Akwai ta uku, wato idan kebul ya zame daga maɗaurinsa, liba ta ce cok alhali faifan bakin kafireto bai rufe ba, shi ne munafuncin inji.

Dattijon ya ce na zamanin mahaifinsa ko wannan babu, sai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe kusa da kan fulogi da ake dannawa har ya taɓa shi, wanda duk yatsansa ya kauce yakan yi rawar da bai yi niyya ba. Ya kwatanta mini rawar a tsakar gida, da sandarsa da komai. Tun 1982 dokar ƙasar nan ta wajabta wa sababbin injuna wani mariƙi wanda da ka sake shi wuƙar askin za ta tsaya cikin daƙiƙa 3. Nawa ya riga dokar haihuwa, don haka ba ya jin maganarta.

Yanzu ga amanar da zan ɗora maka. In ka je Kebbe, ka isar wa Kawu da gaisuwata cikin girmamawa, sa'an nan ka lallaɓa ka duba injin ban ruwan nan nasa na fadama, wanda shekara da shekaru yake hayaƙi, Kawu yana ɗora laifin wa masu sayar da mai a galan, wani lokaci har da mutanen ɓoye. Hukuncin injinsa ɗaya da na nawa, illa shi cok ɗinsa daban, makunninsa daban. Ina kyautata zaton Kawu yana barin cok a rufe rabi tun safe har azahar. Ka buɗe shi sarai bayan injin ya kama, ka goge fulogi, amma kada ka ce daga gare ni fatawar ta fito, domin ka san ba zai karɓi ilmi daga yaron da ya taɓa kora daga gonar albasarsa ba. Ka ce wani babban bakanike ne na Amurka.

Ka gai da Gwaggo da yara da duk mai tambayata. Wassalam.

Ƙaninka mai biyayya.