Masu Ciyar da Juji

Madafin Bahaushe, yadda kakanni suka tsara shi, ba ya barin komai ya fita a banza. Dawa in ta shigo gida aka surfa, dusa ta awaki ce, ƙasari na tumaki ne, tsaki na kaji. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, wanda ya kama gindin tukunya a kankare a shanya ya zama ƙanzo, wata rana a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Tokar murhu ma ana tsiyaye ta a sa a miya, sauran ta hau juji, jaki ya kwashe a mangala zuwa gona kafin damina. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu har yau haka abin yake a gidaje da yawa. Saboda haka in an ga shinkafa da miya kwance a kwalbatin wata unguwa a Gusau, kada a ce mutane sun rasa dabara. Dabara tana nan, kowace tsohuwa ta haddace ta. Abin da ke cika juji hali ne, kuma galibin halin tsoron bakin mutane ne. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya a 2022, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, ba daga otal ko kasuwa ba. Ke nan masu laifin muna zaune da su, kuma suna da kamanni.

Ta farko ita ce Hajiya Kada-a-ce. Mutum shida ne a gidanta, amma tukunyarta ta mutum goma sha biyar ce, domin tana dafa wa baƙin da ba su yi alkawarin zuwa ba. In 'yar aiki ta auna tiya ɗaya, sai ta ce, "Ke, ƙara rabi, kada a ce gidan Alhaji ana auna abinci." Wane ne zai ce? Ba ta taɓa ganinsa ba, amma shekara da shekaru shi take ciyarwa, ga shi bai taɓa zuwa ya ci ba. Masu kare ta za su ce baƙonka Annabinka, kuma gidan da baƙo zai iso ya tarar da tukunya a kife ya ji kunya. Gaskiya ne, karamci ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Sai dai matan dā sun warware wannan matsala ba tare da zubar da ko loma ba: suna ajiye abin da ba ya lalacewa da wuri. Fura, gumba, hoce, garin kwaɗo, duk abubuwa ne da za a iya fito wa baƙo da su kafin ya gama gaisuwa. Hajiya ta bar waɗannan ta koma dafa-dukar da ba ta kai gobe a zafin Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 40 a Gusau. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma idon Hajiya ya sani sarai, kunnenta ne ke ba shi umarni.

Mijinta shi ne Alhaji Araha, kuma Allah ne ya haɗa su. Ba ya wuce kaya mai sauƙi. In ya taso daga Funtuwa ya biyo ta Tsafe a lokacin da tumatirin fadama ya yi yawa, sai ya cika bayan mota da kwando biyu, ya iso gida yana ba da labarin yadda ya kayar da mai kayan a ciniki. Bai tambayi ko akwai wuta ba, bai tambayi ko akwai mai yanka da shanyawa ba. Kwana uku kwando ya fara hawaye, ƙudaje su zo ta'aziyya. Da an yanka an shanya a kan tabarma, da kauɗa ce da za ta kai gidan har tsakiyar damina, lokacin da tumatir ke tsada kamar ba a ƙasar ake noma shi ba. Amma Alhaji ya riga ya ci ribarsa tun a bakin titi, wato labarin da zai bayar a majalisa.

Sai Malama Sa-a-firji. Ita ba ta zubar da abinci, Allah ya sani, jinkirta zubarwar kawai take yi. Firjinta makabarta ce mai ƙofa, kowace roba da mamacinta, an binne shi da niyyar tayarwa gobe. Nepa ta ɗauke da azahar ta dawo bayan isha'i, miyar ta narke ta sake daskarewa sau uku, ranar Juma'a a yi jana'izar gaba ɗaya. Busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa ba su taɓa tambayar ko an kawo wuta ba.

Akwai kuma Ɗan-gayu, wanda ya yi zango biyu a jami'a ya dawo cikinsa ya daina karɓar ɗumame. Da safe sai a ba shi kuɗin biredi da shayi, tuwon jiya yana kallonsa daga cikin kwano. Wannan yaron ɗumame ne ya gina masa ƙashin da yake yanga da shi. A bar shi, aure zai warkar da shi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne gidan kishiyoyi, domin a can tukunya ta zama filin zaɓe. Ranar girkin uwargida a ga tuwon shinkafa da miyar taushe da farfesu, ranar amarya ta ga ba za a bar ta a baya ba, ta ƙara da alale da zoɓo da wani abu da ta gani a waya. Abincin da ɗaya ta dafa kuwa ɗaya ba za ta ɗumama ba, 'ya'yanta ma an ja musu kunne. Maigida shi kaɗai ne mai jefa ƙuri'a, cikinsa ɗaya ne, kuma likita ya riga ya hana shi rabin abin da ke kan tabarmar. Da azumi abin ya kai maƙura: kunu, ƙosai, dankali, ƙwai, kankana, tuwo na jiran bayan tarawihi, alhali mai azumi in ya sha ruwa da kunu ya ci ƙosai biyar ya gama yaƙi. Watan da aka ware don a ɗanɗana yunwa shi ne watan da juji ke ƙiba, duk da cewa malamai na karanta ayoyin hani ga almubazzaranci a tafsiri kowane dare, matan kuma na saurare a rediyo suna soya kashi na uku.

A nan ne ake kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi: ai ba a zubarwa, almajirai ake ba. Hujjar na da gaskiya a cikinta, domin ragowar gidaje ta daɗe tana riƙe makarantun allo, kuma almajiri har gobe in ya tsaya a zaure ko ƙanzo ne roƙonsa. Amma ita ce ta haifar da Mai-sadakar-tsami, wadda ba ta tuna almajiri sai abinci ya fara yauƙi. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, sannan ta ce, "Kai almajiri, zo ka karɓa." Yaron ya karɓa ya yi godiya, ya zagaya bayan katanga ya juye, ko kuma yunwa ta sa ya ci ya kwana yana zarya. Ta zubar da abincin ta hannun wani, kuma tana jiran lada. In da niyyar sadaka aka ƙara awo, a raba tun yana da zafi, a san yaro nawa ake ciyarwa.

Wani zai ce duk wannan zancen 'yan birni ne, a jihar da yunwa ke kwantar da yara wa ke da abin zubarwa? Yunwar gaskiya ce. Ƙungiyar likitocin MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi a 2024 ta tarar ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Bayan da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 tiyar hatsi ta tashi, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Amma wannan ƙara wa tuhumar nauyi yake yi. Zamfara, da aka ƙirƙiro a 1996 tana alfahari da noma, ta kai matsayin da manomi a wasu ƙauyuka sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Dawar da ta tsallake wannan duka ta iso Gusau ba ta cancanci ta ƙare a kwalbati saboda wani ya ji tsoron a kira shi marowaci ba.

Ta ƙarshe ita ce Inna Ba-a-zubarwa, wadda ke can ɗaya gefen, kuma wajibi ne a ambace ta don kada a ɗauka ita ce abin koyi a komai. Inna ta ga fari da yunwar 1973, ba wanda zai koya mata darajar hatsi. Ita ce ke tsince ƙwayar gero daga ƙasa, ita ce ke yin ƙanzon da gidan ke ci. Matsalarta ba ta yarda abinci na mutuwa ba. Masara ta yi funfuna, ta ce a wanke a kai niƙa. Gyaɗa ta yi baƙi tana ɗaci, ta ce a yi ƙuli da ita. Funfunar masara da gyaɗa kuwa na ɗauke da gubar da ke cin hanta, wadda wanki ba ya cirewa, dafuwa ma ba ta kashewa. In jikanta ma'aikacin asibiti ya yi magana, sai ta ce, "Kai tafi can, da shi na raini ubanka." Irin wannan hatsi ko dabba bai kamata a ba ba, sai dai a faki idon Inna a binne shi, a kuma shirya amsar da za a ba ta in ta ƙirga buhunanta da safe.