Awa ɗaya da rabi, in ji tikiti

Tsakanin Kano da Legas ta sama kilomita 830 ne da 'yan kai, tikiti kuma ya ce awa ɗaya da rabi. Bai yi ƙarya ba, sauran zancen dai ya haɗiye.

Ƙarfe bakwai na safe ina filin jirgi, babbar riga ta sha guga. Aka ce jirgi zai makara "kaɗan". A cikin kaɗan ɗin nan na yi azahar, na yi la'asar, wani Alhaji da ke gefena ya ba ni labarin aurensa na uku tun daga kai lefe har sunan fari. Da muka tashi kuwa, ko biskit ɗin da aka miƙo mini ban gama ɓarewa ba sai ga rufin kwanon Ikeja a ƙasa.

Daga nan zuwa Obalende, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, awa uku cur muka yi. Mai tallar gyaɗa ya wuce motarmu a ƙafa, ya dawo, ya sake wuce mu. Magariba da isha'i tare na haɗa su, rigar kuwa kamar an ƙwato ta daga bakin saniya.