Mu da Hoton Allo

Jama'ar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, tunda ɗan majalisar wakilai ɗaya muke turawa Abuja, ai laifinmu ma ɗaya ne, sai kowa ya gyara zama. Wane ne cikinmu bai taɓa buɗe laftof ba, sannan ya zaro waya ya ɗauki hoton allon? Ga maɓallin PrtSc can sama ƙura ta rufe shi, ga Windows da Shift da S, in ka danne su tare ka yanko daidai inda kake so, amma ina! Sai mu miƙe, mu karkace, mu ƙyasta. Hoto ya fito da zane-zane, ga inuwar hularmu, ga fankar silin, ga yaro a baya yana shan koko, sakamakon JAMB ɗin da ake magana kuwa sai ka ƙanƙance ido. Mu kuma rubuta a ƙasa, "Ga shi nan ƙarara."

Wayayyun cikinmu su ne masu buɗe Paint. An ce hoton fasfo ya yi nauyi, shafin rajista ya ƙi karɓa, a rage shi. Yaron shagon kwamfuta ya sha faɗa mana a kama daga kusurwa, tsawo da faɗi su tafi tare, mu kuwa gefe muke kamawa mu ja. Sai ka ga Alhaji siririn Bafulatani ya baje kamar kabewa, ko Hajiya ta miƙe zalau, kuma a haka za a buga, a manna, Alhaji ya duba ya ce ai hasken wurin ne bai yi ba.

Sai jan alƙalami, wanda shi ne ainihin sana'armu. Jerin sunayen waɗanda suka samu taki ko aiki ya fito, mu zagaye namu da ja, da linzamin da hannu ke rawa a kansa, da'irar ta cinye rabin sunan. Ba ta isa ba, a ƙara kibiya, a ƙara wata mai nuna kibiyar farko. Wurin ɓoye sirri kuwa, Allah ya shirye mu: a shafe ragowar kuɗin asusu da baƙin fenti don tsoron 'yan bani-bani, a bar lambar asusun da ta waya tsirara. A yanke sunan wanda ya yi gulmar a bar hotonsa, alhali duk unguwa an san wannan rawanin.

Kar ku ga laifinmu da yawa. A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da namu ukun, abin da ka adana a waya shi ne shaidarka. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa mu: mai shayi, mai POS, dillalin shanu a kasuwar Sheme, kowa "turo sikirinshot" yake cewa, wai gani ya kori ji. Mu da muka san yadda muke yanka da shafe namu, mu ne kuma masu rantsuwa da na wani. Hoton ya zaga zaurukan WhatsApp goma, ya dushe har sifilin ba ya ƙirguwa, limamin unguwa ya turo shi, kai ma ka tura wa surukinka ba ka ko buɗe ba.