Zuwa Ga Bazazzagin Da Zai Durƙusar Da Motarsa

Malam, gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Labari ya iso Kano, ka kuwa san zancen Zazzau ba ya kwana a hanya, cewa ka ƙudura niyyar kwance shok da sifirin na Corollarka ka ɗaura mata koyiloba. Wai don ta daina kwanciya in ka sha kwana, ta kuma yi ƙasa-ƙasa yadda ɗalibai za su riƙa waiwayenka a ƙofar Samaru. Mota mai inji lita 1.8, wadda babban aikinta kai yara makaranta da ɗauko buhun masara daga Giwa, ita ce yau ake shirya wa tsere. To, tunda haƙƙin bara yana wuyan ubangidansa, zauna in karantar da kai, ko da yake ku Zagezagi kun ɗauka karatu a garinku ya yada zango bai ƙara gaba ba.

Na san ka karanta abin a littafi, amma ba ka taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba. Da ka leƙa bayan tayar gabanka, da ka ga sifirin ya riga ya nannaɗe shok, tsarin da ake kira MacPherson. Abin da za ka zuba wa kuɗi shi ne zaren da aka yanka a jikin sabon shok ɗin, da zobban da ake murɗawa da sifana a ɗaga mota ko a sauke ta. Wasu kuma an ƙara musu ɗan maɓalli da ake juyawa yana ƙas-ƙas, a taurara shok ko a sassauta shi. Iyakar sirrin ke nan.

Abu na farko da za ka tambayi mai sayarwa, kafin launi da sitika, shi ne ƙarfin sifirin. Ana auna shi da yawan kilon da zai danne shi milimita ɗaya. Ƙananan motocin iyali irin taka daga kamfani suke fitowa da sifirin mai laushi, kilo 2 zuwa 3 ko sama kaɗan. Koyiloba masu araha kuwa da yawa kilo 6 ne, ko 8, wasu har 10. Ka lissafa da kanka, ai kai ne mai digiri: taurin ya ninka sau biyu, uku, ko ma fiye. Ranar da ka ɗauko Hajiya daga cikin birni za ku fita ta Ƙofar Doka, ba sai ta yi magana ba, bayanta ne zai ba ka labari. Motar ta koma kurar 'yan ga-ruwa, sai dai ita tana da rediyo.

Na ji an ce hujjarka ita ce tauri shi ke sa mota ta riƙe titi. A kan kwalta mai sulɓi wadda aka share, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma taya ba ta riƙe komai sai tana taɓa ƙasa. In ka shiga kwana mai gargada da sifirin mai tauri, tayar tsalle take yi, kuma duk ɗan lokacin da take sama babu sitiyari, babu burki. Ko a Nürburgring ta Jamus, hanyar nan mai kusan kilomita 21 da kamfanonin mota suke zuwa gwaji, wadda ta yi suna wajen hawa da gangara da gargada, masu tsere ba sa taurara mota yadda suke yi a kwalta mai sulɓi. Kusa da kai ma akwai darasi. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ba tauri ne ya sa direbobin tasha suka so ta ba. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, tana haɗiye rami ta wuce. A shekarar 1975 ɗin ma ita ta lashe tseren Safari na Kenya, Ove Andersson yana tuƙi. Mota mai laushi ce ta ci tsere, Malam, a hanyar da ta fi kama da tamu.

Inda daɗin zama da iya shan kwana suke haɗuwa ko su rabu shi ne cikin shok, wurin da ido ba ya gani, shi ya sa masu talla ba sa daɗewa a kansa. Sifirin yana ɗaukar nauyi, shi kuma shok yana hana shi lilo, ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi. Motsin da yake fuskanta iri biyu ne. Akwai na sannu, lokacin da jikin mota ke karkata a kwana ko hancinta ke dunguri in ka taka burki. Akwai kuma na farat ɗaya, lokacin da taya ta faɗa rami ko ta daki bakin kwalta. Shok na kirki yana cijewa a motsin sannu, motar ta tsaya cak a kwana, sannan ya buɗe ƙofa a motsin farat ɗaya, dukan ya wuce bai iso ƙugunka ba. Wannan dabarar ce Öhlins na ƙasar Suwidin suke sayarwa da tsada a samfurinsu na Road & Track, ita ce kuma Koni na Holan suka nema da nasu tsarin FSD. Shok na banza bai san bambancin ba. In ka taurara shi ya taurare ko'ina, in ka sassauta motar ta riƙa rausaya ko'ina. Sai ka wuni kana murɗa maɓalli kana neman tsakiyar da tun a masana'anta ba a saka ta ba.

Saboda haka kada yawan ƙas-ƙas ya ruɗe ka, don na san halinku da son lamba mai yawa. BC Racing na Taiwan suna da mataki 30 a samfurin BR, Tein na Japan suna da 16 a Flex Z. Wannan bai nuna wanda ya fi wani ba. KW na Jamus suna da Variant 1 wanda ba a murɗa taurinsa ko kaɗan, injiniyoyi sun saita shi sun rufe, tsayi kawai za ka taɓa. Haka Bilstein B14. Sai a Variant 2 ake saita miƙewar shok, a Variant 3 kuma dannuwa daban, miƙewa daban. Ga mutumin da har yau yaronsa ke saita masa agogon mota, ni dai wanda aka rufe nake ba shi shawara, in har an yi na irin motarsa. Ka tabbatar da wannan kafin ka tura wa kowa kuɗi, don ba kowane kamfani ne ya damu da Corolla ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai maganar durƙusawa, wadda na san ita ce ainihin abin da ke ranka. Tsakanin cikin motarka da ƙasa kimanin santimita 15 ne. In ka sauke 5, ka ba da kashi ɗaya cikin uku, alhali tudun rage gudu na unguwa ba da ma'auni ake gina shi ba, da fushin mai gidan da ke kusa ake gina shi. Salansa zai fara gaisawa da shi, bamba ya biyo baya, ranar tsautsayi kuma kwanon baƙin mai. Banda wannan, akwai asarar da ba a gani. A koyiloba da ake saukewa ta zoben da sifirin ke zaune a kai, duk abin da ka sauke daga tafiyar shok ka yanko shi, har motar ta koma zaune kan ɗan robar da aka tanada don dukan ƙarshe. Irin wanda ake rage tsawon jikinsa ta ƙasa ya fi sauƙin wannan matsalar, amma shi ma bai hana taya gugar cikin bodi ba. Kuma ƙafar MacPherson in ta yi ƙasa da yawa, hannun ƙasa ya karkace, motar takan ƙara son kwanciya a kwana, abin da ka kashe kuɗi don gudu. Santimita 2 zuwa 3 ya ishe ka. Ka auna kuma da uwargida da yara da kaya a but, ba kai kaɗai da jakar takardu ba.

Ƙananan abubuwa, in yi su a gurguje. Kan shok na sama ka zaɓi mai roba. Mai ƙwallon ƙarfe yana sa sitiyari kaifi, amma duk tsakuwar da ka taka za ka ji ta a kunne, kuma ƙura tana cinye shi da wuri. Shok mai bututu ɗaya ya fi fitar da zafi, sai dai in dutse ya lotsa jikinsa ya gama aiki. Mai bututu biyu ya fi haƙuri da duka, yawanci kuma ya fi laushi. Zaren nan da zobba, in ƙurar hunturu da taɓon damina suka shiga ba a wanke an shafa musu mai ba, sukan cije, sai ka ga bakanike ya ɗauko guduma da kurfi. Sannan shi koyiloba mai tsada ana buɗe shi a sake masa mai da roba in ya yi tafiya. Ka tambayi kanka wa zai yi maka wannan a Sabon Gari, kuma in ɗaya ya fashe, wata nawa motar za ta yi kan jak kana jiran saƙo daga waje.

Bayan an ɗaura, alaimen dole ne, ba ganin dama ba. Saukar da mota yana canza tsayuwar taya, in ka yi ƙwauron kuɗin saiti za ta cinye gefen ciki, waje yana nan sabo fil yana yaudararka. Kada kuma ka biye wa yaran da za su ce ka ƙara da rim 18 da taya siririya. Iskar da ke cikin taya ita ce ke fara karɓar duka kafin sifirin ya ji.

Yanzu ga shawarar Bakano, wadda kullum kuke cewa ta son kuɗi ce, kuma kullum a ƙarshe ita kuke bi. Kafin ka sayi komai, kai motar a duba. Mota kwatano da ta sha hanya, sau da yawa shok ɗinta ya mutu tuntuni, bushin sun tsage, tayoyin kuma kowace da sunan kamfaninta. Abin da kake kira rashin iya kwana gajiya ce kawai. Sa sababbin shok na KYB na asali guda huɗu, ka yi hattara don jabu sun cika kasuwa. Canza bushin, sa tayoyi masu kyau iri ɗaya, a yi alaimen. Ka tuƙa ta zuwa Kwanar Ɗangora ka dawo. In har yanzu zuciyarka na kan koyiloba, to saya, amma mai sifirin mafi laushi da ka samu, mai shok daga kamfanin da ya san aikinsa, a sauke ta kaɗan.

In kuwa ka ƙi ji ka durƙusar da ita har ƙasa, ka sanar da ni ranar da za ka shigo Kano in sa yara su jira ka a Na'ibawa da igiya. Tsofaffin shok ɗin kuma kada ka zubar, ka taho mini da su a madadin kuɗin sharar da ka kwana biyu ba ka biya ba. Ina da mai saye a Ƙofar Ruwa, kuma ina kyautata zaton kai ne za ka dawo neman su, farashi kuwa ya tashi.